Sunan da Ba Ya Cikin Rajistar

Da misalin ƙarfe tara na daren Lahadi, 22 ga Oktoba, 1989, wasu yara maza uku suka kamo hanyar gida daga wani kanti a garin St. Joseph da ke jihar Minnesota ta ƙasar Amurka. Kaset ɗin fim suka je haya. Akwai Jacob Wetterling mai shekara 11, da ƙaninsa mai shekara 10, da wani abokin Jacob, sa'ansa. St. Joseph ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu uku da wani abu ba, gidan su Jacob kuma yana can ƙarshen wata hanya da ba ta ɓullewa, gonaki hagu da dama, babu fitilar titi.

Iyayen ba sa gida a daren, suna wurin wata liyafa. Yaran sun buga waya neman izinin fita, uwar, Patty, ta ce a'a. Da suka sake bugawa sai suka nemi uban, Jerry, shi kuwa ya amince, amma da sharaɗin su riƙe tocila, kuma Jacob ya sa riga mai ƙyalli yadda direbobi za su hango shi cikin duhu. Mota ce kaɗai abin da uban ya ji wa tsoro.

Saura ƙiris su isa gida sai wani mutum ya ɓullo daga bakin wata hanyar gona, fuskarsa a rufe, bindiga a hannu. Ya ce su jefa kekunansu cikin kwarin gefen hanya su kwanta rubda ciki. Ya tambayi kowannensu shekarunsa. Ya fara sallamar ƙaramin, ya ce masa ya ruga cikin daji, in ya waiwayo zai harbe shi. Sannan ya duba fuskokin sauran biyun, ya riƙe Jacob, ya kori abokin da irin wannan barazanar. Da yaran biyu suka yi nisa suka waiga, babu mutumin, babu Jacob.

Cikin 'yan kwanaki binciken ya zama ɗaya daga cikin mafi girma da jihar ta taɓa gani. 'Yan sandan gunduma, da jami'an hukumar FBI, da dakarun jiha, da jirage masu saukar ungulu, da karnuka, da ɗaruruwan 'yan sa-kai, duk suka bazu cikin gonaki da dazuzzuka. Hoton Jacob yana murmushi cikin rigar sanyi ruwan ɗorawa ya shiga kantuna da gidajen mai da akwatunan talabijin. Jama'a suka yi ta bugo waya, har rahotannin da aka tara a tsawon shekaru suka haura 50,000. Ba a ga yaro ba. Iyayensa suka ƙi tashi daga gidan, suka ƙi canja lambar wayarsu, don kada wata rana ya nemi gida ya rasa. A Minnesota kuma al'ada ta kafu cewa duk daren 22 ga Oktoba mutane su bar fitilar ƙofar gida a kunne saboda shi.

Patty Wetterling tsohuwar malamar lissafi ce da ta ajiye aiki tana renon 'ya'yanta huɗu. Ba lauya ba ce, ba 'yar siyasa ba, amma ba ta iya zaman jiran tsammani. A ranar 17 ga Fabrairu, 1990, ranar da Jacob zai cika shekara 12, ita da mijinta suka kafa gidauniya da sunansa. Ta kuma tambayi masu binciken me suka rasa a daren wanda da suna da shi da aikinsu ya zo da sauƙi. Amsar da suka ba ta ita ce ba su da wani littafi da zai nuna musu su wane ne a yankin aka taɓa ɗaurewa kan lalata da yara. Mutum zai gama zaman gidan yari a wata gunduma ko wata jiha, ya zo ya kama haya a bayan makaranta, babu ɗan sandan da ya sani. Alhali a lamarin satar yaro sa'o'in farko su ne komai.

Tunanin ba sabo ba ne, don Kalifoniya tana da irin wannan rajista tun 1947, sai dai ba jihohi da yawa ne suka bi sahunta ba. Minnesota ta kafa tata a 1991. Patty ta yi ta zirga-zirga zuwa majalisar dokokin tarayya, har a watan Satumban 1994 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar da ke ɗauke da sunan ɗanta. Dokar ta ce kowace jiha ta buɗe rajistar waɗanda kotu ta samu da laifin fyaɗe ko lalata da yara, su riƙa sanar da hukuma inda suke zaune har tsawon shekara 10 bayan an sake su, mafi haɗarin cikinsu kuma fiye da haka. Jihar da ta ƙi za ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na wani tallafin yaƙi da laifuka da take samu daga tarayya. A yadda Patty ta nema, littafin na 'yan sanda ne. Idan yaro ya ɓace, su san ƙofofin da za su fara ƙwanƙwasawa, su kuma yi saurin wanke waɗanda ba su da hannu.

Makonni kaɗan kafin wannan sa-hannu, wani abin ya auku a jihar New Jersey wanda ya karkatar da akalar dokar gaba ɗaya. A ranar 29 ga Yuli, 1994, a garin Hamilton, wani maƙwabci da gidansa ke kallon nasu ya yaudari wata yarinya 'yar shekara 7, Megan Kanka, cewa ta zo ta ga ɗan kwikwiyonsa. Ya yi mata fyaɗe, ya kashe ta, ya jefar da gawarta a wani filin shaƙatawa. Sunansa Jesse Timmendequas, kuma sau biyu kotu ta taɓa samun sa da laifin cin zarafin ƙananan yara mata. A gidan da yake zaune akwai wasu maza biyu masu irin tarihinsa. Iyayen Megan suka ce babu wanda ya taɓa gaya musu, kuma da sun sani da 'yarsu ba ta tsallaka titin ba.

Wa zai iya musa wa uwa wannan maganar? Babu ɗan majalisar da ya iya. Cikin wata uku New Jersey ta kafa Dokar Megan, wadda ta ce ba 'yan sanda kaɗai ba, maƙwabta ma suna da haƙƙin sani. A ranar 17 ga Mayu, 1996, Clinton ya sa hannu a kan irinta ta tarayya, wadda ta tilasta wa jihohi su fitar da bayanan ga jama'a. Patty Wetterling tana wurin a ranar, tare da iyayen Megan.

Sai intanet ta zo ta samu dokar a haka. Abin da a da sai ka je ofishin 'yan sanda ka tambaya, yanzu yana cikin ɗakin kowa: hoton mutum, da sunansa, da lambar gidansa, da laifinsa, a wasu jihohin har da wurin aikinsa da lambar motarsa. A wasu garuruwa ana raba takardu gida-gida, ko a tara mutanen unguwa a makaranta a nuna musu hoton sabon maƙwabcinsu. Daga nan duk lokacin da aka kashe yaro kisan da ya girgiza ƙasa, sai a yi sabuwar doka da sunansa, kowacce ta fi ta baya tsanani. An yi ta Jessica Lunsford a Florida a 2005. A 2006 Shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan ta Adam Walsh, wadda ta kasa masu laifin gida uku, wasu shekara 15 a rajista, wasu 25, wasu har mutuwa, ta kuma shigar da yara daga shekara 14 idan laifin mai tsanani ne. Wasu jihohin suka wuce nan. Aka samu inda ake rubuta mutum don ya yi fitsari a bainar jama'a, ko saurayi don ya kusanci budurwarsa da ta gaza shekarun da doka ta yanke, duk a shafi ɗaya da mutumin da ya yi wa jaririya fyaɗe. Zuwa 2018 sunayen da ke cikin rajistocin Amurka sun haura 900,000.

Ƙananan hukumomi kuma suka shiga gasar korar su. Gundumar Miami-Dade a Florida ta hana wanda ke cikin rajista kan laifin yara zama a ƙasa da ƙafa 2,500 daga makaranta, wato kusan mita 760. A birni mai cunkoso irin Miami, in ka zana wannan da'ira a kewayen kowace makaranta, kusan babu sauran gidan da talaka zai iya haya. Tun daga 2006 mutane suka fara tarewa a ƙarƙashin gadar Julia Tuttle, cikin tantuna da bukkokin katako, babu famfo, babu makewayi. Jami'an da ke sa musu ido sun san suna can, suna ma zuwa duba su da dare, har akwai waɗanda katin shaidarsu ke ɗauke da gadar a matsayin adireshi. Sun haura mutum 100 kafin a tashi sansanin a 2010. A jihar Iowa, inda aka yi irin wannan doka ta ƙafa 2,000, ƙungiyar masu gabatar da ƙara ta jihar da kanta ta nemi a soke ta a 2006. Dalilinsu ba tausayi ba ne. Sun ga cewa tunda aka fara aiki da dokar, yawan waɗanda hukuma ta rasa inda suke ya ƙaru ƙwarai, domin wanda ba shi da gida ba shi da adireshin da zai bayar. Dokar da aka yi don a san inda mutum yake ita ce ta ɓatar da shi.

A 2006 ɗin ne kuma, ranar bikin Ista, wani matashi ɗan shekara 20 daga Kanada ya buɗe shafin rajistar jihar Maine, ya kwafi adireshi, ya je ya harbe mutum biyu a gidajensu, daga baya ya kashe kansa. Ɗaya daga cikin mamatan shekararsa 24. Abin da ya kai shi rajista shi ne yana ɗan shekara 19 ya yi tarayya da budurwarsa wadda saura kaɗan ta cika 16.

Duk wannan yana faruwa Patty Wetterling tana kallo, kuma ba daga nesa ba. Sau biyu ta tsaya takarar majalisar wakilai, a 2004 da 2006, ba ta ci ba. Daga nan ta shugabanci sashen rigakafin cin zarafi ta hanyar lalata a ma'aikatar lafiya ta Minnesota, ta kuma riƙe shugabancin hukumar gudanarwar babbar cibiyar Amurka ta neman yaran da suka ɓace. Aikin ya kai ta gidajen yari da cibiyoyin gyaran hali. Ta sha ba da labarin wata ziyara da ta kai wata cibiyar tsare yara a jihar Alabama, inda ta tarar da waɗanda aka yi wa tambarin masu laifin lalata, cikinsu har da yaron da bai wuce shekara 10 ba. Wayarta ta riƙa ƙara, iyaye mata ne ke bugowa suna kuka, 'ya'yansu matasa sun shiga rajista, an hana su makaranta, an hana su aiki, iyali gaba ɗaya sun rasa gidan haya. Dokar da ta share wa wannan hanya kuwa sunan ɗanta ke kanta.

Mutane da yawa da za su yi shiru. Ita ba ta yi ba. A 2007, shekarar da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da wani dogon rahoto kan waɗannan dokoki, Patty ta fito fili ta ce an wuce gona da iri. Ba ta ce a yafe wa masu yi wa yara fyaɗe ba, ba ta kuma ce a ƙona littafin ba. Ta ce manufar ita ce kada a sake samun wani yaron da aka cuta, kuma mutumin da aka hana wa gida da sana'a da dangi ya fi kusa da sake aikata laifi fiye da wanda yake da abin da zai ji tsoron rasawa. Ta ce sa ƙananan yara cikin rajistar jama'a kuskure ne. Ana cikin wannan duka ba ta san inda ɗanta yake ba, ba ta san ko yana da rai ba. A wurina wannan shi ne mafi girman abin da ta yi, ya fi kafa dokar wuya, domin babu mai tafa wa uwa idan ta ce a sassauta wa irin mutanen da suka raba ta da ɗanta.

Ƙididdiga tana bayanta. A 2003 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 6 cikin 9, ta yanke cewa rajista ba horo ba ce, tsari ne na kare jama'a, saboda haka ana iya sa mutum a ciki ko da ya gama zaman kasonsa kafin a yi dokar. Daga cikin hujjojinta akwai cewa irin waɗannan masu laifi suna komawa ruwa da yawan da ke ba da tsoro. A shekarar kuwa ofishin ƙididdiga na ma'aikatar shari'a ya fitar da sakamakon bin sawun mutum 9,691 da aka saki daga gidajen yarin jihohi 15 a 1994: cikin shekara uku, kashi 5.3 cikin 100 ne aka sake kamawa da sabon laifin lalata. Gaskiya ne wannan lissafin waɗanda aka kama ne kawai, kuma akasarin irin wannan ta'asa ba ta kaiwa kunnen hukuma. Amma wannan ma wani rauni ne na rajistar, tunda wanda ba a kai ƙararsa ba ba zai taɓa shiga cikinta ba. Wani binciken da aka yi a jihar New York, aka buga a 2008, ya gano cewa fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ake kamawa da laifin lalata ba a taɓa samun su da irinsa a kotu ba. Wani rahoton ma'aikatar shari'a na 2000 kuma ya nuna cewa cikin yaran da aka kai ƙarar an yi lalata da su, kashi 34 ɗan'uwa ne ya cuce su, kashi 59 wani sananne ne, baƙo kashi 7 kacal. Uwa tana zaune gaban kwamfuta tana haddace fuskokin baƙi, mai cutar da ɗanta yana cin abinci tare da su.

Amsar tambayar da Patty ta kwana da ita shekara 27 ba a Miami take ba, ba a Washington ba. Tana cikin gundumarsu.

Akwai wani gari, Paynesville, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba daga St. Joseph. Tsakanin 1986 da 1988 an kai wa 'yan sandan garin ƙorafi har takwas na wani mutum da ke tare yara maza da dare, yawanci suna kan keke ko suna tafiya gida, fuskarsa a rufe, muryarsa a shaƙe, ya taɓa jikinsu, wani lokaci ya tambayi shekarunsu, ya yi musu barazanar kisa. Ba a gurfanar da kowa ba. Sai a ranar 13 ga Janairu, 1989, wata tara kafin a ɗauke Jacob, wani mutum ya tsayar da mota a garin Cold Spring na wannan gundumar, ya tambayi wani yaro ɗan shekara 12 hanya, ya cusa shi cikin motar, ya kai shi bayan gari ya yi lalata da shi. Da zai sake shi ya ce ya ruga, in ya waiwayo zai harbe shi. Yaron bai ɓoye ba. A daren ya faɗa, ya kwatanta kayan soja da mutumin ke sanye da su, da rediyon sauraren maganar 'yan sanda da ke cikin motar.

Cikin waɗanda aka zarga tun a lokacin akwai wani mazaunin Paynesville mai suna Danny Heinrich, wanda ke cikin dakarun jiha. Bayan ɓatan Jacob an sake komawa kansa. FBI ta yi masa tambayoyi a watan Disamban 1989, aka karɓi takalmansa da tayoyin motarsa, aka ga sun yi daidai da sawun da aka samu a inda aka ɗauke yaron, ko da yake masana sun ce hakan bai kai tabbaci ba. A watan Fabrairun 1990 aka kama shi kan lamarin Cold Spring, ya musa, aka sake shi. A shekarar ce kuma aka ɗauki samfurin gashinsa. Daga nan sunansa ya nutse cikin tarin takardu har fiye da shekara 20. A tsawon wannan lokaci masu bincike suka karkata ga wani maƙwabcin su Jacob wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, har a 2010 aka haƙe gonarsu a gaban 'yan jarida, sunansa ya shiga duniya. An bar jaki ana dukan taiki.

Wanda ya ƙi barin maganar ta mutu shi ne yaron Cold Spring. Ya girma, ya zama magidanci, amma bai daina cewa mutumin da ya cuce shi shi ne ya ɗauke Jacob ba. Shi da wata marubuciya 'yar yankin suka tono tsofaffin labaran Paynesville, suka bi waɗanda abin ya shafa ɗaya bayan ɗaya, maza manya da wasunsu suka daɗe da fid da rai cewa wani zai saurare su. A gefe guda kimiyya ta ci gaba. Aka sake gwada rigar da yaron ya sa a daren, aka samu ƙwayoyin halittar wani namiji a hannunta, a 2015 kuma gwaji ya nuna na Heinrich ne, da aka haɗa da gashin nan da ke ajiye tun 1990. Sai dai wa'adin da doka ta ba da na gurfanar da mutum kan wannan laifi ya riga ya wuce. Abin da gwajin ya samar shi ne izinin bincika gidansa a garin Annandale, inda aka tarar da tarin hotunan batsa na ƙananan yara. Da wannan aka kama shi a watan Oktoban 2015.

Babu gawa, babu shaidar da za ta tabbatar da kisa a kotu, kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san inda Jacob yake. Masu gabatar da ƙara suka kawo wa iyayen wata yarjejeniya mai ɗaci: Heinrich zai nuna wurin, ya faɗi abin da ya yi a gaban alƙali, a ɗaure shi shekara 20 kan hotunan, amma ba za a tuhume shi da kisan ba. Patty da Jerry suka amince. A ƙarshen watan Agustan 2016 ya kai jami'ai wata makiyaya kusa da Paynesville. Can aka tono ƙasusuwa, da jar rigar da Jacob ya fita da ita.

A ranar 6 ga Satumba, 2016, a kotun tarayya da ke Minneapolis, iyayen suna zaune, ya ba da labarin. Ya sa wa yaron ankwa ya sa shi a mota, yaron ya tambaye shi, "Wane laifi na yi?" Ya kai shi wajen wani ramin tsakuwa a bayan Paynesville ya yi lalata da shi. Yaron ya ce yana jin sanyi, ya roƙi a mai da shi gida. Sai wata motar 'yan sanda ta wuce a kan hanya, tsoro ya kama Heinrich, ya harbe shi. Tun a daren farko ke nan, sa'ad da ake ta haska gonakin St. Joseph ana kiran sunansa. Bayan shekara guda ya koma wurin, ya ga jar rigar ta fara fitowa daga ƙasa, ya kwashe abin da ya rage ya sake binnewa a gonar da ke tsallake. Ya kuma amsa cewa shi ne ya cuci yaron Cold Spring. Da aka fito, Patty ta gaya wa 'yan jarida, cikin kuka, cewa a wurinsu Jacob yana raye har ranar da aka same shi.

Kafin 1989 kotu ta taɓa samun Danny Heinrich da laifin fasa wuri da tuƙi cikin maye, amma ba ta taɓa samun sa da laifin lalata ba. Da a ce rajistar da Patty ta yi wa gwagwarmaya tana nan a daren 22 ga Oktoba, da 'yan sanda sun buɗe ta daga farko har ƙarshe ba su ga sunansa ba. Da maƙwabta ma sun duba intanet ba su gan shi ba. Sunansa yana wani wurin, cikin ƙorafe-ƙorafen yaran da suka yi ƙarfin halin magana.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, don Najeriya ma ta bi wannan hanya. Jihohin Ekiti da Legas ne suka fara buɗe rajistarsu, Ekiti har takan manna hoton wanda aka ɗaure a garinsu ta sanar da sarkinsa. A watan Nuwamban 2019 aka ƙaddamar da ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, bisa dokar hana cin zarafin mutane ta 2015. Ina goyon bayan a samu irin wannan littafi. Shugaban makaranta, ko na Islamiyya, ko na gidan marayu, ya kamata ya samu inda zai duba kafin ya damƙa wa mutum yara, kuma wanda aka kora daga wata jiha kan lalata da ɗalibai bai kamata ya tsallaka wata ya samu aji ba. Amma sunan da kowa zai iya gani a rajista shi ne na wanda kotu ta yanke wa hukunci, kuma mun san maganganun da ke tare hanya tun kafin a kai ofishin 'yan sanda: a rufa wa yarinya asiri kada ta rasa mijin aure, a sasanta a gida tunda ɗan'uwa ne, a bar wa Allah. Idan yaro namiji ne abin ya shafa, shirun ya fi haka zurfi. Duk wanda aka sasanta maganarsa a zaure, shafinsa a rajista fari ne fes, gobe kuma yana iya neman aikin gadi a makarantar firamare.

A watan Satumban 2018 sabon shugaban 'yan sandan Stearns, gundumar da St. Joseph ke ciki, Don Gudmundson, ya buɗe wa jama'a takardun binciken, shafi fiye da 41,000. Ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce binciken ya saki hanya tun da wuri, ya yi ta lissafo alamun da suka nuna Heinrich waɗanda aka yi sakaci da su. Daga ciki akwai cewa ba a cika kwana biyu da ɗauke Jacob ba, ɗaya daga cikin yaran Paynesville ya je da kansa ya gaya wa jami'ai cewa yana ganin mutum ɗaya ne, saboda yadda aka yi abin ya yi kama da nasu. Sai bayan fiye da wata biyu aka bi maganarsa.

Shi kuwa yaron Cold Spring, tunda ƙofar tuhumar laifi ta rufe, ya shigar da ƙarar neman diyya. Ya tsaya a kotu ya faɗi abin da daren nan ya yi wa rayuwarsa. A watan Nuwamban 2018 alƙali ya yanke cewa Heinrich ya biya shi fiye da dala miliyan 17, kuɗin da fursunan ba shi da su. Shekara kusan 30 ke nan daga daren da ya fara kwatanta wa 'yan sanda mutumin da motarsa.